Kafin a kankare maka haƙori: yadda ake saka rufin tangaran tun daga farko har ƙarshe

Abun da nake so ya fara zama maka a rai shine wannan farin ɓawon da ke saman haƙori, wanda likitoci ke ce wa inamel, in aka kankare shi toh ya tafi kenan, baya sake tsirowa kamar farce ko gashi. Duk maganar rufin tangaran, wato biniya a bakin masu aikin, akan wannan ɓawon take tsaye, shine ake ɗan ragewa dan a samu wajen liƙa rufin, kuma shine dai yake riƙe rufin in an liƙa. Shiyasa nake ganin duk shawarar da ke da muhimmanci kafin injin ya taɓa haƙorinka ake yanke ta, bayan nan sai dai lallaɓawa. Ina cewa "ka" ne dan sauƙin rubutu, amma 'yar'uwa har da ke nake.

Shi rufin nan wani siririn ɓawo ne na tangaran da ake ƙerawa daidai fuskar haƙorinka, a liƙa shi ta gaba, kaurinsa yawanci tsakanin milimita 0.3 zuwa 0.7, kusan kamar farce. Wani likitan haƙori a Kalifoniya mai suna Charles Pincus ne ya fara abun a 1928 saboda 'yan fim ɗin Hollywood, amma nasa na ɗan lokaci ne, a manna a ɗauki fim a cire, dan babu gam ɗin da zai riƙe shi. A 1955 wani mai bincike Michael Buonocore ya gano cewa in aka shafa wa inamel asid yakan yi ƙananan ramuka da ido baya gani, gam ya shiga ya kama gam-gam, sai kuma farkon shekarun 1980 da wasu masu bincike biyu, Simonsen da Calamia, suka nuna shima tangaran ɗin ana iya cin cikinsa da wani asid ɗin daban ya kama. Daga nan ne rufin ya zama abun da zai yi shekaru a baki. Kaga tun asali sirrin aikin a liƙin yake, liƙin kuma inamel yake so.

Mataki na 1: ka san me ke damunka takamaimai

Tsaya gaban madubi da rana a hasken waje, ka yi murmushi yadda ka saba, ka yi dariya, ka ɗauki bidiyo kana magana dan hoto yana ɓoye abubuwa da yawa. Sai ka rubuta abun da ke damunka. Kala ce? Ko gefen haƙori ne ya ɓantare? Ko wushirya ce tayi faɗin da baka so, ko wani haƙori ne ya fito ɗan ƙarami a tsakiyar manya, ko kuwa sun cinye sun gajarce?

Dalilin wannan rubutun shine da yawa daga cikin matsalolin nan suna da maganin da baya buƙatar kankara. In kala ce kawai ta dafe saboda shekaru ko taba ko shayi da kofi, wankin haƙori a asibiti da maganin haskewa sukan wadatar. In ɗan ɓantarewa ne a gefe ɗaya, farin ciko da ake ce wa kwamfozit yana gyarawa a zama ɗaya. In haƙoran sun hau juna ne sun karkace, aikin wayar ƙarfe da ake ɗaura wa haƙora ne ko robar jera haƙora, dan in aka ce da rufi za'a miƙe karkataccen haƙori toh dole a ci shi sosai ta ɓangaren da ya turo, har a wuce inamel ɗin a shiga naman haƙorin na ciki. Inda rufin tangaran yake da amfani na gaske shine tabon da ke can cikin haƙori wanda haskewa bata fitarwa, kamar na maganin tetarasaikilin da aka sha ana yaro, ko ɗigo-ɗigon fari da masu kalar ruwan ƙasa da yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ke jawowa, da haƙorin da siffarsa ce bata cika ba, da wanda ya haɗa matsala biyu uku lokaci guda.

Mataki na 2: zaɓen likita da zaman farko

Likitan haƙori mai lasisi kawai, bana sassautawa a nan. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka sai da ta fito ta gargaɗi mutane akan wasu da basu da lasisi suna tallan saka rufi a shafukan sada zumunta, su liƙa abu akan ruɓaɓɓen haƙori ba tare da ko hoto sun ɗauka ba. Ka nemi ya nuna maka hotunan aikin hannunsa, musamman wanda ya shekara biyar ko fiye, kuma ka kalli dasashi a hoton, in ja ne ya kumbura a gefen rufin toh aikin bai yi ba komai farin haƙoran.

A zaman farko ya kamata a ɗauki eksire, a duba kogo da tsofaffin ciko, a auna lafiyar dasashi, a duba yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, a ɗauki hotuna. In likita ya leƙa bakinka minti biyu yace gobe ka dawo a fara, tashi ka tafi. Kai ma akwai abun da dole ka faɗa masa ko bai tambaya ba: in kana cizon haƙora cikin barci, ko kana tashi da ciwon muƙamuƙi, ko kana cin farce ko tauna bayan biro, ko ƙwannafi yana yawan taso maka, dan asid ɗin ciki yana cinye inamel. Masu cizon haƙora su ne tangaran ya fi fashe wa. Ana iya yi musu amma sai da robar kariya da za su dinga kwana da ita kullum, in kasan bazaka iya ba ka faɗa tun yanzu. Yaro da bai gama girma ba shima a jira, dan dasashinsa bai gama zama ba kuma jijiyar haƙorinsa tana da girma tana kusa da waje.

Tambaya ɗaya da nake roƙonka dan Allah karka fita baka yi ta ba: rufi za'a saka min ko hula? Hular haƙori, wato kirawun, zagaye haƙorin take yi gaba da baya da gefe, ana fiƙe shi har ya koma kamar ɗan turke, kusan kashi biyu cikin uku na abun da ke saman dasashi yake tafiya. Rufi kuwa fuskar gaba kawai ake ɗan shafewa. Wallahi raina yana ɓaci in naga bidiyon matasa masu lafiyayyun haƙora an mayar musu da su tsinke-tsinke suna murna wai an saka musu biniya, alhali hula ce aka yi musu guda ashirin. Hula tana da wajenta, ga haƙorin da ya karye sosai ko yake cike da ciko, amma lafiyayyen haƙori bai cancanci haka ba.

Mataki na 3: share fage

Duk kogo a cike shi, dasashi ya warke ya daina jini, dan jini yana ɓata awo yana kuma hana gam kamawa. In zaka haske haƙoranka toh yanzu ne lokacin, saboda tangaran baya haskewa da magani, kalar da aka gasa shi da ita da ita zai zauna. A haske sauran haƙoran tukuna, a jira kamar sati biyu kalar ta tsaya kuma ragowar maganin ya fita daga inamel dan yana raunana liƙi, sannan a zaɓi kalar rufin ta dace da su.

Mataki na 4: gwajin siffa, inda kake da cikakken iko

Nan ne nafi so ka daɗe. Likita zai ɗauki awon bakinka, ko da wannan abu mai kamar ƙullu da ake cusawa a faranti a danna, ko da kyamarar da ke zana bakin a kwamfuta. Mai ƙera haƙori a lab, wato ɗakin da ake ƙera rufin, zai gina sabuwar siffar da kakin zuma akan samfurin bakinka ko a cikin kwamfuta, sai a kwafo siffar a zuba farar roba a ɗora ta kan haƙoranka yadda suke, ba allura ba kankara. Cikin 'yan mintuna zaka ga kusan yadda zaka koma, in bai maka ba a ɓalle robar ka tafi gida da haƙoranka cif yadda ka zo da su. Wasu asibitocin suna tsallake wannan dan sauri, hoto kawai za su nuna maka a allo. Hoton allo baya gaya maka yadda leɓenka zai zauna ko yadda harshenka zai ji, ka dage sai an yi maka a baki.

In an ɗora, ka yi magana da yawa. Faɗi kalmomi masu "f" da "s", kamar fassara, safiya, sassafe, in haƙoran sun yi tsawo za su dinga caccakar leɓenka na ƙasa, in sun yi kauri "s" ɗinka zata dinga fita da iska. Rufe bakinka ka ji ko leɓe yana rufuwa ba tare da ka tilasta shi ba. Ka sake ɗaukar bidiyo, ka nuna wa wanda ya san fuskarka kuma bazai ɓoye maka gaskiya ba.

Maganar kala kuma, akwai allon kaloli da likitoci ke amfani da shi, wanda aka fi sani shine na VITA mai kala 16 daga A1 zuwa D4, B1 ce mafi haske a cikinsu, bayan su kuma akwai wasu farare tas da suka wuce duk wani haƙorin da aka haifi mutum da shi. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, waɗannan fararen ƙal ɗin basu cika kyau ba, daga nesa ake gane su. Haƙorin gaske ba kala ɗaya bane daga sama har ƙasa, wajen dasashi ya ɗan fi duhu, bakinsa kuma haske yana ɗan ratsa shi, fiƙa ta fi na gaba ɗan rawaya, fuskarsa ma ba sumul take kamar tayil ba. Gwanin maƙeri duk yana kwaikwayon wannan. A duba kalar a farkon zama kafin haƙori ya bushe, dan busasshen haƙori yana ƙara fari na ƙarya, a goge jan baki in akwai, a kuma leƙa a hasken rana.

Guda nawa? Ya danganta da iya inda murmushinka ke buɗewa, yawanci 6 ko 8 ko 10 a sama. Abun mamaki guda ɗaya tak a gaba shine mafi wuya, dan sai ya saje da maƙwabcinsa na asali, wani lokacin sai an mayar lab sau biyu, kar hakan ya ɓata maka rai. Shi kansa tangaran ɗin iri-iri ne. Akwai wanda ake ginawa da hannu hawa-hawa da ɗan buroshi a gasa, yafi kama da haƙorin gaske kuma ana iya yinsa siriri sosai, amma baya da ƙarfi sai an liƙa shi. Akwai kuma na litiyom, wanda aka fi sani da IPS e.max na kamfanin Ivoclar, yafi ƙarfi nesa ba kusa ba. Siraran rufi irin su Lumineers da ake talla ba'a kankara, gaskiya ne ga wanda haƙoransa ƙanana ne ko suka ɗan shige ciki, amma a ɗora su kan haƙori mai cikar girma sai ya fito kamar ya kumbura, gefen kuma ya dinga tara datti.

Mataki na 5: ranar kankara

Yawanci ana yin allurar kashe zafi. Abun da ake cirewa kusan rabin milimita ne, wajen dasashi ma bai kai haka ba dan a can inamel ɗin kansa bai fi milimita 0.3 zuwa 0.5 ba. Likita mai kula ta cikin waccan robar gwajin yake yankawa, ya yi ƙananan layuka masu zurfin da ya auna, kaga inda haƙorin dama a shige yake injin ma bazai taɓa shi ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko zai tsaya a cikin inamel, dan gam yafi kama inamel akan dentin, wato naman haƙorin da ke ƙarƙashinsa, kuma rufin da aka liƙa a dentin yafi saurin ɓallewa da jawo tsami.

Bayan nan za'a tura wani siririn zare ƙarƙashin dasashi dan gefen ya fito, a sake ɗaukar awo, a ɗauki hoton kalar haƙorin da aka kankare saboda tana iya haskowa ta cikin tangaran, sannan a saka maka na wucin gadi. Sati ɗaya zuwa biyu lab ke ɗauka. A wannan tsakanin kar ka gatsa abu mai tauri ko mai danƙo da haƙoran gaba, ka goge a hankali amma fa ka goge, dan in dasashi ya kumbura ranar liƙi zai yi jini. Ruwan sanyi zai iya sa haƙoran su yi tsami, wannan ba abun tsoro bane. In wani abu a siffar na wucin gadin yana damunka kira likita tun lab basu gama ba.

Mataki na 6: gwadawa da liƙawa

Za'a cire na wucin gadi a ɗora na gasken da wani man gwaji mai kalar gam ɗin wanda ruwa ke wanke shi. Karɓi madubi ka tashi zaune, kar ka duba kana kwance ƙarƙashin fitila, in da hali je bakin taga. Leɓenka in ya mutu da allura murmushin zai karkace, shiyasa wasu likitocin ke gwadawa kafin allura. Kar kunya ta sa ka ce yayi alhali zuciyarka bata kwanta ba, kafin liƙi ana iya mayarwa lab a gyara, bayan liƙi kuwa sai dai a niƙe shi da inji a sake sabo.

In ka amince, cikin rufin za'a ci shi da asid ɗin haidurofulorik a shafa wani sinadari da ake ce wa silen, a waje ake yin wannan ba a bakinka ba. Haƙorin kuma a killace shi daga yawu, wasu da shimfiɗar roba, a shafa masa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke a busar, a shafa gam a ɗora rufin a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Abun da ya rage shine kankare ragowar gam, kuma wannan ɗin ba ƙaramin aiki bane, dan ɗan guntun da ya maƙale ƙarƙashin dasashi zai sa shi kumburi wata da watanni. Kafin ka tashi a zura zaren sakace tsakanin kowanne haƙori, ya wuce sumul baya tsinkewa baya kamawa. A baka takarda mai kala ka ciza ka goga gaba da gefe, inda yayi tudu a rage.

Mataki na 7: zama da su

Kwanakin farko za su ji maka kamar baƙi a baki, tsamin sanyi ma yakan ɗauki kwanaki zuwa 'yan makonni. Ka koma bayan sati ɗaya ko biyu a sake duba cizo da dasashi. Amma zugi mai hana barci, ko ciwon da ke tashi shi kaɗai ba tare da ka sha komai ba, wannan alamar jijiya ce ta taɓu, kar ka jira ranar da aka baka.

Tangaran baya ruɓewa amma haƙorin da ke bayansa yana nan da ransa, kogo yana kamawa ta gefen liƙin da ta baya. Buroshi mai laushi sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, zaren sakace kullum, wankin asibiti kamar duk wata shida kuma ka gaya wa mai wankin kana da rufi dan ya san kayan da zai yi amfani da su. Guji man gawayi da duk mai yashi-yashi, suna dusashe ƙyallin, in ƙyallin ya tafi tabo ya samu wajen zama. Kar ka tauna ƙanƙara, kar ka buɗe kwalba ko yage leda ko tsinke zare da haƙori, mai wasan da ake gwabzawa ya saka robar baki, mai cizon dare kuma robarsa ta zama kamar filo, ba'a kwanciya babu ita.

Rufin tangaran da aka yi da kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15, wasu su wuce 20, na kwamfozit kuwa yawanci 5 zuwa 7. Lissafin da mutane basa yi shine, wanda aka yi wa yana ɗan shekara 25 zai sake su wataƙila sau uku ko huɗu a rayuwarsa, kuma kowanne sakewa sai an ɗan ƙara cin haƙorin. Dasashi ma yakan ja baya da shekaru har layin gefen ya fito, sauran haƙoran su ƙara duhu shi kuma tangaran yana nan yadda yake, sai ka dinga ɗan haske na asalin lokaci-lokaci dan su tafi tare. Ka nemi a rubuta maka sunan tangaran da lambar kalar da aka yi amfani da su ka adana, ranar da ɗaya ya fashe kana wani gari za su yi maka rana.

In ɗaya ya ɓalle ɗungurum bai fashe ba, ɗauke shi ka saka a ɗan ƙaramin gwangwani ko ka naɗe a tishu a inda bazai danne ba, sau da yawa ana iya wanke cikinsa a mayar. Kar ka kuskura ka liƙa shi da sufa gulu, yana ɓata cikin rufin yana ƙona dasashi kuma bazai zauna daidai ba. Ɗan ɓantarewa a baki ana iya goge shi ya yi santsi ko a cike da kwamfozit, tsagewa daga sama har ƙasa kuwa sai sabo. Kafin ka samu ganin likita ka guji mai zafi sosai da mai sanyi sosai a wajen, in gefen yana yankan harshe ko leɓe ka ɗan manna kakin da masu wayar haƙori ke amfani da shi, ana samunsa a kantin magani.